Kaftin Thomas Sankara: abin da silima ta nuna da abin da kasuwa ta gani

Akwai wani guntun fim da ya daɗe yana yawo tsakanin matasanmu, tun zamanin faifan sidi har zuwa yau da ake tura shi ta WhatsApp. Wani siririn mutum ne a zauren taron shugabannin Afirka a Adis Ababa, yana magana da Faransanci, yana ba manya dariya, yana kuma gaya masu abin da da yawansu ba su so ji ba. An ɗauki hoton ne ran 29 ga watan Yuli 1987, kuma wata biyu da rabi bayan haka aka harbe mai maganar a Wagadugu. Shi ne Kaftin Thomas Sankara, shugaban Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987. A wannan karo shafin namu zai bi rayuwarsa kamar yadda fina-finan tarihi suka adana ta, tare da wani ɓangare da ya fi shafar masu karatunmu, wato yadda ya yi da kasuwa da ƴan kasuwa.

An haife shi ran 21 ga watan Disamba 1949 a garin Yako, a ƙasar da ake kira Haute-Volta lokacin mulkin Faransa. Ga masu sayar da goro, mu ce tun da wuri sunan nasa na dangi ne, bai da wata dangantaka da sankarar da ke ɓata huhu. Mahaifinsa Joseph jandarma ne, daga cikin Silmi-Mosi, wato zuriyar da ta fito daga auratayyar Fulani da Mosawa, mutanen da a tsarin sarautar Mosi ba a ba su wani babban matsayi. Gidan mabiya ɗariƙar Katolika ne, har ma an so yaron ya zama fada. Ya yi firamare a Gawa, ya wuce sakandare a Bobo-Julaso, sannan a 1966 ya shiga makarantar horon soji ta Kadiogo, abin da ya sauƙaƙa wa gidan da ke da ƴaƴa da yawa da albashi ɗaya nauyin karatunsa. Can ne wani malamin tarihi mai suna Adama Toure ya fara buɗe masa ido a kan mulkin mallaka da aƙidar gurguzu.

Daga nan aka tura shi Antsirabe a ƙasar Madagaska domin zama hafsa. Yana can a 1972 ɗalibai da ma'aikata suka yi boren da ya kawo ƙarshen mulkin Philibert Tsiranana, ya kuma ga yadda ake sa sojoji aikin gona da raya karkara. Bayan dawowarsa ya yi suna a rikicin iyaka da Mali na 1974. A 1976 aka ba shi jagorancin sansanin horon kwamandoji na Po, kusa da iyakar Gana, kuma a wani kwas da suka yi a Maroko a 1978 amincinsa da wani hafsa mai suna Blaise Compaore ya yi ƙarfi, har gidan su Sankara suka ɗauke shi tamkar ɗa. A lokacin mutanen Wagadugu sun fi sanin Sankara da babur da kaɗa jita.

Shigarsa gwamnati ta zo ne a watan Satumba 1981, da Kanar Saye Zerbo ya naɗa shi sakataren watsa labarai. A kan keke ya je taron majalisar ministoci na farko. Bai cika wata takwas ba ya ajiye aikin, yana zargin gwamnatin da toshe bakin jama'a, aka kuwa tsare shi. Wani juyin mulkin ya zo a watan Nuwamba 1982, kuma a Janairu 1983 ya zama faraminista ƙarƙashin likitan soji Jean-Baptiste Ouedraogo. Nan ma bai daɗe ba. Ya je Libiya, ya je taron ƴan ba-ruwanmu a Indiya, Gaddafi kuma ya zo Wagadugu, sai hankalin manyan hafsoshi da na Faransa ya tashi. Ran 17 ga watan Mayu 1983 aka kama shi, daidai lokacin da Guy Penne, mai ba shugaba Mitterrand shawara kan Afirka, ke ziyara a garin. Ɗalibai suka cika tituna. Compaore ya tsere zuwa Po, kuma da kwamandojin can ya shigo Wagadugu a daren 4 ga watan Agusta 1983 ya ɗora abokinsa a kan mulki. Sankara na da shekara 33.

Daga nan ne hotunan da fina-finai suka fi so suke farawa, kuma gaskiya akwai abin kallo. Shekara guda cif bayan hawansa ya sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso, kalma ɗaya daga harshen Mosi, ɗaya daga Jula, ma'ana ƙasar mutane masu gaskiya, aka kuma ɗauko ƙarshen sunan ɗan ƙasa, Burkinabe, daga Fulatanci. An sayar da marsandin ministoci aka saya masu ƙaramar Renault 5. An soke harajin kai, wanda talaka ke biya tun zamanin Turawa. A ƙarshen 1984, cikin mako biyu, an yi wa yara fiye da miliyan biyu rigakafin baƙon dauro da sanƙarau da shawara, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan takwas ba. An dasa itatuwa miliyoyi, an gina ƙananan madatsun ruwa da ɗakunan shan magani da hannun mutanen ƙauye, an buɗe noman rani a kwarin Suru. Ya sa mata a manyan muƙamai, ya yaƙi auren dole da kaciyar mata, ya hana korar ɗaliba daga makaranta don ta yi ciki. Ran 22 ga watan Satumba 1984 ma an hana matan Wagadugu zuwa cefane, aka ce maza su ɗauki kwando su je su ji kuɗin tumatir da kansu. An ce ranar masu kayan miya sun sha kallo, sun kuma sha ciniki.

Da Bankin Duniya da sauran masu ba da rance suka ƙi sa kuɗi a hanyar jirgin ƙasa da za ta nufi ma'adinan Tambao a arewa, sai aka kira jama'a a 1985 su shimfiɗa ta da hannu, daga Wagadugu zuwa Kaya. Har baƙin da suka zo bikin fina-finan FESPACO na shekarar an kai su sun ɗauki ƙarfe. Direbobinmu sun san Kaya sosai, domin bayan rufe gadar Gaya da Malanville a 2023, ta can da Dori kayan Lome suka riƙa biyowa zuwa Tera da Yamai. Jirgin dai bai kai Tambao ba.

Zuciyar tafiyar tasa ita ce ƙasa ta ci abin da ta noma, ta sa abin da ta saƙa. Burkina na noma kaɗa mai yawa, amma kusan duka ɗanye ake fitar da ita a farashin da aka yanke a Turai, sannan a dawo a sayar wa manomin da atamfa da gwanjo. Sankara ya tilasta wa ma'aikatan gwamnati sa saƙin gida, wanda ake kira Faso dan fani. Da yawa ba su so ba. Wasu sukan ajiye rigar a aljihun teburin ofis sai an ji motsinsa a zura, shi ya sa aka yi wa rigar laƙabi mai ma'anar ga Sankara nan tafe. To amma dubban mata masu saƙa sun samu sana'a, kuɗin da da za su tafi waje suka riƙa zagayawa tsakanin mai kaɗi da marini da maɗinki.

Wannan ce maganar da ya kai Adis Ababa. Ya shaida wa takwarorinsa cewa tufafin da ke jikinsa da na ƴan rakiyarsa duka daga kaɗar Burkina ne, masaƙan Burkina suka saƙa. Ya nemi ƙasashen Afirka su haɗa kai su ƙi biyan bashin ƙetare, bisa hujjar cewa waɗanda suka mallake mu jiya su ne suka dawo da rigar masu ba da rance, kuma idan ba a biya ba masu kuɗin ba za su mutu ba, amma idan aka biya talakawan Afirka ne za su mutu. Ya kuma yi gargaɗi, cikin raha, cewa in Burkina kaɗai ta ƙi biya, ba za a gan shi a taro na gaba ba. Aka yi dariya, aka tafa, ba wanda ya bi shi.

Mun san wannan magana tana da nauyi a kunnen ɗan kasuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma duk harkar da ke tsakanin Maraɗi da Kano, ko Ƙonni da Illela, a kan amana take tafiya. Wanda ya ci bashin uban gidansa ya ƙi biya ya gama kasuwanci. Sai dai bashin da Sankara ke nufi wani iri ne. Gwamnatoci ne suka karɓa, sau da yawa aka kashe a makamai da gine-ginen ƙawa, ruwan kuɗin ya riƙa ninkawa, aka zo biya kuma sai a ce a rage malamai da magani. Wanda ya ga abin da ya biyo baya zai fahimci tsoronsa. Bai yarda ya sa hannu a shirin tsuke bakin aljihu na asusun FMI ba. Waɗanda suka gaje shi sun sa a 1991, aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, kuma duk wanda ke da kaya a hanya ko bashi a waje a lokacin bai manta ba. Masaƙar Faso Fani ta Kudugu, wadda ita ce babbar masaƙar ƙasar, an rufe ta a farkon shekarun 2000.

Wannan ne ya sa masu adawa da tsarin jari-hujja na duniya, daga tarukan Porto Alegre zuwa wanda aka yi a Bamako a 2006, suka ɗauke shi gwarzo, kuma ta hanyar fim akasarinsu suka san shi. Zamanin Compaore an ɓoye hotunansa na gidan talabijin, ba a cika ambaton sunansa a bainar jama'a ba. Balufu Bakupa-Kanyinda, ɗan Kwango, ya yi gajeren fim a kansa tun 1991. A 2006 Robin Shuffield ya fitar da nasa na kusan awa guda, wanda sunansa ke nufin mutum mai gaskiya, kuma shi ne aka fi kwafa ana kallo a ɗakunan ɗalibai. Christophe Cupelin, ɗan Suwizalan da ya fara zuwa Burkina a 1985, ya shafe shekaru yana tattara tsofaffin kaset kafin ya haɗa Capitaine Thomas Sankara a 2012, kusan duka da hotunan wancan zamani. Yaran da aka haifa bayan 1987 ta nan suka ji muryarsa, kuma da yawa daga cikinsu na cikin waɗanda suka kori Compaore a ƙarshen watan Oktoba 2014.

Fina-finan ba su yi ƙarya ba, har ma sukan taɓo wasu kurakuran. Amma kyamara tana son mai iya magana, shi kuwa Sankara ya iya. A ganinmu muryar da ba ta cika fitowa ba ita ce ta mai rumfa.

Tun a jawabin manufofin juyin juya halin na ran 2 ga watan Oktoba 1983 aka lissafa manyan ƴan kasuwa masu hulɗa da kamfanonin waje cikin abokan gaban talakawa. A takarda manya ake nufi. A aikace kuwa, wanda ke aiwatarwa shi ne ɗan kwamitin kare juyin juya hali, CDR, saurayin unguwa da aka ba bindiga da iko, kuma ba kullum yake bambance babban dillali da mai awon hatsi ba. An ƙayyade farashi, an riƙa farautar masu ɓoye kaya, an kafa kantunan gwamnati na Faso Yaar domin su yi gogayya da masu shaguna. A 1985 aka rushe babbar kasuwar Wagadugu, Rood Woko, don a sake gina ta, aka watsa masu rumfuna zuwa gefen gari inda ba masu saye, kuma sabuwar ba ta buɗe ba sai 1989, bayan mutuwarsa. A wannan shekara ta 1985 ce aka soke biyan kuɗin hayar gidajen kwana. Ɗan haya ya yi murna, amma wanda ya tara ribar shekara ashirin ya gina ɗakuna don tsufansa, kamar yadda fatake suka saba, ya wayi gari ba ko dala. A 1987 aka hana shigo da ƴaƴan itace da kayan lambu daga waje domin a ci mangwaron gida. Manomin Bobo ya amfana, matan da ke sarin ayaba da abarba daga Kodibuwa ta jirgin ƙasa kuwa jarinsu ya karye. Dokar hana yawon dabbobi, wadda aka kafa don kare itatuwa, ta sa an harbe bisashe da dama, abin da makiyaya da dillalan dabbobi ba su ji daɗinsa ba.

Mu da ke zaune a bakin iyaka mun san abin da doka irin wannan ke haifarwa. A daidai waɗannan shekaru ne Janar Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, daga watan Afrilu 1984, ga fari, har yunwar shekarar ta samu suna El Buhari a ƙasar nan. Kaya ba su daina wucewa ba, hanya kawai suka sauya, kuɗinsu ya ƙaru. Kare abin gida manufa ce mai kyau, to amma wanda ke cin abinci da sufuri da sari shi ma ɗan gida ne, kuma ba a nemi shawararsa ba. Kada kuma a ɗauka rusau ya ƙare da Sankara. Zangon Hausawa na tsakiyar Wagadugu, Zangouettin, wanda ke kusa da babbar kasuwa tun kaka da kakanni, gwamnatin Compaore ce ta rushe shi a 2003 don a gina unguwar kasuwanci ta zamani.

Akwai abubuwan da suka fi waɗannan muni. A watan Maris 1984 aka kori malaman makaranta fiye da 1,300 saboda yajin aiki, aka maye gurbinsu da matasan da aka ba horon ƴan kwanaki. A watan Yuni na shekarar aka harbe mutum bakwai bisa zargin shirya juyin mulki, aka kuma ƙona ofishin jarida mai zaman kanta L'Observateur. Kotunan jama'a, waɗanda ake watsa zamansu ta rediyo, sun sa ɓarayin gwamnati sun amayar da kuɗi, sun kuma wanke tsohon shugaba Sangoule Lamizana, amma wanda ake tuhuma ba shi da lauya. An rage wa sarakuna iko da gata, har da Mogho Naba. A watan Disamba 1985 aka sake gwabzawa da Mali na ƴan kwanaki a kan yankin Agasher, wanda daga baya kotun duniya ta raba masu a 1986. A 1987 har shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago da suka goyi bayansa da farko, irin su Soumane Toure, sun shiga kurkuku.

Abin da za a faɗa a yaba masa shi ne ya lura. A shekararsa ta ƙarshe ya soki ɓarnar ƴan CDR a fili, ya nemi a sassauta, ya ba da shawarar a mayar da korarrun malamai. Kuma hannunsa bai taɓa dukiyar jama'a ba. Da ya bayyana kadarorinsa gaban hukumar yaƙi da cin hanci a farkon 1987, cikin ɗan abin da aka ji akwai jita da kekuna da firji da gidan da yake biyan bashinsa. Ko waɗanda ya karya wa jari ba su ce ya ci nasu ba. Sai dai lokacin ya riga ya ƙure. Ma'aikata sun gaji da zaftare albashi, dangantaka da Houphouet-Boigny na Kodibuwa ta yi tsami, ya kuma faɗa wa Mitterrand magana mai zafi a gaban jama'a da ya zo Wagadugu a watan Nuwamba 1986. A cikin gida kuwa takardun ɓatanci na yawo, kowa ya san shi da Compaore ba sa ga maciji.

Ran Alhamis 15 ga watan Oktoba 1987, wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma, yana taro da muƙarrabansa a harabar Conseil de l'Entente, sanye da kayan motsa jiki, sai sojoji suka iso. Ya fito hannu sama aka harbe shi, tare da mutum goma sha biyu. Mutum ɗaya ya tsira daga ɗakin, Alouna Traore. Da dare aka sa fursunoni suka binne su a maƙabartar Dagnoen, likita kuma ya rubuta cewa mutuwar Allah da Annabi ce. Da yammacin ranar aka sanar da sabuwar gwamnati ƙarƙashin Compaore. A nan ƙasar labarin ya iske Janar Seyni Kunce, wanda bai taɓa sakin jiki da maƙwabcin nasa ba, yana jinya, shi ma ya rasu ran 10 ga watan Nuwamba. Sauran hafsoshi biyu da suka yi juyin 1983 tare, Jean-Baptiste Lingani da Henri Zongo, an harbe su a watan Satumba 1989.

Compaore ya yi shekara 27 a kan mulki. Bayan faɗuwarsa aka tono kaburburan a watan Mayu 2015, bincike ya nuna harsasai fiye da goma a gawar Sankara. An fara shari'a ran 11 ga watan Oktoba 2021, kuma ran 6 ga watan Afrilu 2022 kotun soji ta yanke ɗaurin rai da rai ga Compaore da Hyacinthe Kafando, dukansu a bayan idonsu, da kuma Janar Gilbert Diendere wanda ke gaban kotun. Batun ko akwai hannun ƙasashen waje an ware shi daga wannan shari'a. Saƙin dan fani ya dawo da daraja tun zamanin shugaba Roch Kabore, wanda ya mai da shi tufafinsa, har ta kai ana buga na jabu a masana'antun waje ana shigowa da shi, gwamnati ta yi masa rajista don kare masaƙa.

Ran 23 ga watan Fabrairu 2023 aka sake binne Sankara da mutanensa goma sha biyu a wurin da aka kashe su, inda aka buɗe hubbarensu a watan Mayu 2025. Matarsa Mariam da ƴaƴansa ba su halarci jana'izar ba. Sun nemi a kai shi wani wuri dabam, domin ba su yarda a kwantar da shi a filin da jininsa ya zuba ba.